Siririn Rubutu a Katin Bikin Tilo

Zuwa ga Maman Tilo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya jikin Inna? Ina fata ƙugun ya fara ɗinkewa, kuma ta daina yi wa likita gardama a kan sandar da ya ce ta riƙa dogarawa. Ki gaishe min da ita da kyau. Ke kuma sannu da jinya, Allah ya ba da lada.

Tunda wayarku ba ta kamawa sai an fita bakin titi, na ga gara in riƙa ba da saƙo a hannun direban da ke kawo mana takardun da muke buga kati da su, ta ƙofarku yake wucewa.

Kafin ki ci gaba, ki ɗan nisanta takardar nan daga idonki ki kalle ta. Kin ga rubutun? Kowa ya gani zai rantse da alƙalami aka yi shi, alhali daga kwamfutar shagonmu ya fito. Bari in ba ki labari. Tun da kika tafi masu katin biki ke damuna da tambayar wa zai rubuta musu sunayen baƙi a bayan ambulan, tunda ke ce mai yi. Ana cikin haka sai matar nan mai turare, wadda ta kama shagon da ke jikin namu, ta kawo aikin sitikar kwalabenta. Ta rubuto sunayen turarukan a 'yar takarda. Ina ganin hannun na tsaya. Siriri ne, ya ɗan kwanta dama, kowane harafi yana riƙe da na gabansa ba tare da ya matse shi ba. Na roƙe ta ta rubuta min haruffa duka, manya da ƙanana, kowanne sau da yawa. Na shigar da su kwamfuta na mayar da su salon rubutu irin wanda ake zaɓa a buga da shi. Na sa masa suna Ƙamshi.

Yanzu sai in buga sunan baƙo, na'ura ta fitar da ambulan kamar an rubuta da hannu. Masu biki sun yi caa a kai. Mai gidan burodi ma ya sa an yi masa a kwalayen kek. Kin ga ke nan hankalinki sai ya kwanta, aiki bai tsaya ba, ki yi jinyarki a tsanake.

Shirin bikin Tilo yana tafiya daidai. Gidan dai ba daɗi da ba kya nan. Ina kewarki ƙwarai.

Naki,
Baban Tilo

*

Zuwa ga Baban Tilo,

Wa alaikumus salam. Inna tana amsawa. Jiki da sauƙi, jiya har bakin ƙofa ta taka tana zagin sandar. Ina fata kai da Tilo kuna lafiya.

To, na nisanta takardar kamar yadda ka ce, na kalla. Na kuma matso da ita na karanta. Da na kai ƙarshe sai da na fita tsakar gida na zagaya, don kada Inna ta ga fuskata ta fara tambaya.

Baban Tilo, ka kuwa san abin da ka yi? Ka zauna da hankalinka ka rubuto min “ina kewarki” da hannun wata mace. Ni na buɗe wasiƙar mijina da murna, sai na tarar maƙwabciya ce ke ce min gida ba daɗi da ba na nan, har da wani jan jela a ƙarshen kalma. Wallahi da zagi ka aiko min da shi da ya fi min sauƙi. Kuma ba ka tsaya nan ba, har suna ka raɗa masa. Ƙamshi! Sannu, mai hanci.

Kishi nake, ba sai ka zauna kana lissafi ka gano ba. Na faɗa maka da bakina.

Ina da tambayoyi, ka amsa min su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda kake amsa wa mai kawo aiki. Da take rubuta maka haruffan, a ina ta zauna? Kujera biyu ce a shagon, taka da tawa. Da wane alƙalami ta rubuta? Kai kuma kana ina lokacin, a tsaye a kanta? Shekara ashirin da ɗoriya ina zaune a teburin nan na bakin taga ina rubuta sunayen mutane har yatsana ya yi kanta, ko sau ɗaya ba ka taɓa cewa in rubuta maka harafi ka adana ba. Ita daga kawo sitika ta samu shiga kwamfuta.

Ka ce hankalina ya kwanta, aiki bai tsaya ba. Ai shi ne abin da ya tayar min da shi. Na ɗauka idan na yi nisa wani abu zai ɗan tsaya a shagon nan.

Duk wannan mai sauƙi ne, ga babbar maganar. Tun Tilo tana goye a bayana nake rubuta ambulan ɗin bikin 'ya'yan mutane. Duk wanda na rubuta sai na ce a raina, ranar tawa 'yar tana zuwa. Ita kaɗai Allah ya ba mu, biki ɗaya ne gare ni a duniya. Ambulan ɗinta nawa ne. Ka buga katin da duk abin da kake so, amma sunan baƙo ko ɗaya kada ya bi ta cikin na'urar nan.

In za ka amso min, ka bugo da baƙin rubutun da kake yi wa rasit. Na fi yarda da shi.

Ka gaishe da Tilo. Ita maƙwabciyar taka ba sai ka gaishe ta ba.

Matarka,
Maman Tilo

*

Zuwa ga Maman Tilo,

Assalamu alaikum. Na ji daɗin jin Inna ta fara takawa, Allah ya ƙara sauƙi. Ga shi na bugo da rubutun rasit kamar yadda kika umarta.

Ki yi haƙuri. Wallahi ko kusa ban kawo abin da kika kawo ba. Ni a wurina sabon abu na yi mai kyau, na ce ke ya kamata ki fara gani.

Amsar tambayoyinki. A kujerarki ta zauna, saboda nan ne hasken taga ke faɗowa. Da nata alƙalamin ta zo. Ni ina wurin na'ura ina aikina, ƙanwarta ma tana zaune a benci. Bayan haka ba ta sake zama ba. Sauran aikin duk ni kaɗai na yi shi, kuma shi ne mai yawan. Sai ka buɗe harafi ɗaya a allon kwamfuta har ya cika shi, ka bi gefensa kana gyarawa, ka daidaita inda zai kama na gabansa. Wasu haruffan sai da na yi musu siga uku, don kada su riƙa fitowa iri ɗaya a gane na'ura ce. Lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ ma ni na zana, ita ba ta damu da su ba. Teburinki yana nan, na dai ɗora na'urar ɗaukar hoton takarda a kai kafin ki dawo.

Kin ce me ya sa ban taɓa yin naki ba. Magana ce ta sana'a, kada ki ɗauke ta wani abu. Hannunki mai nauyi ne. Kina danna alƙalami har ana jin tudun rubutun ta bayan takarda, haruffanki a tsaye suke ƙyam. Idan aka mayar da shi na kwamfuta, wurinsa allon shago ne, ko sanarwa irin su “Ba a ajiye mota a nan”. Kuma wannan ba aibi ba ne. Ƙamshi ba zai iya haka ba. Na gwada shi a ƙyallen sanarwar wata makaranta, da na tsallaka titi na waiwayo sai na ga kamar ba a rubuta komai ba. In aka ƙanƙanta shi ɓacewa yake yi, a takarda mai kaushi kuma yankewa yake. Shi abin kalma biyu ne ko uku, a farar takarda mai santsi, a bar masa fili ya sake. Kin ga kowanne da wurinsa.

Maganar ambulan kuma, ban so in gaya miki a takarda ba. Tilo ce da kanta ta ce Ƙamshi take so, ciki da waje. Ta ce za ta rubuto miki.

Ina nan ina addu'a Allah ya huci zuciyarki.

Naki,
Baban Tilo

*

Ummana,

Assalamu alaikum. Ina kwana, ya jinya? Ki ce da Kaka ta yi ta warke, don in ba ta zo bikina da ƙafarta ba, angon nawa ba zai san yana da tsohuwar mata ba, ta yi asara.

Umma, Abba ya ce ranki ya ɓaci. Don Allah ki saurare ni kafin ki yi min faɗa. Kin san ina son rubutunki, duk littattafan makarantata ke kika rubuta min suna a bango, ba wanda ya taɓa ɓata saboda daga nesa ake hango shi. Amma Umma, katin biki yanzu ba haka ake yi ba. Katin fari ne tas da ɗan zaren zinariya a gefe, rubutun ciki kamar a hura ya tashi. In aka sa shi a ambulan mai manyan baƙaƙe, kamar an sa wa amarya takalmin makaranta ne. Ba ni na faɗa ba, ƙawata ce, amma da na duba sai na ga da gaskiyarta. Duk ƙawayena da suka yi aure kwanan nan Ƙamshi aka yi musu. Ni da salon ya fito daga shagon ubana, a ce ni ce ban samu ba?

Kuma ina tausayinki. Ga ɗaga Kaka, ga wanki, ga kai ta asibiti, sannan a jibga miki ambulan sama da ɗari uku? Na'ura kafin a sha shayi ta gama.

Anti Mai Turare ba ta da matsala ko kaɗan, Umma. Da kin zauna da ita da kin so ta. Da ta ji kina jinya ta ce lallai in haɗo miki da wannan kwalbar, ga 'yar takardarta nan a jiki. Ita ce ma za ta haɗa min turaren da za a raba wa baƙi.

Ki ce kin yarda, don Allah. Ba na son a yi bikina kina fushi.

'Yarki,
Tilo

*

Zuwa ga Baban Tilo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Inna ta ce a gaya wa jikarta angon nata ne tun kafin a haife ta.

Na ga wasiƙarka, na gode da bayani. Yau na san matsayina. Ita katin biki da kwalbar turare, ni “Ba a ajiye mota a nan”. Madalla. Ka kuma ɗora na'ura a teburina, to Allah ya sa tana share maka shi da safe kamar yadda nake yi. 'Yarka kuma ta ce min takalmin makaranta. Ban amsa mata ba, don in na amsa yanzu zan faɗi abin da uwa ba ta faɗa wa amarya. Har ta zama Anti! Yaushe aka yi daren da gari ya waye?

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Matar nan ta aiko min da turare da gaisuwa a 'yar takarda, da hannunta na gaske. Na ɗauko wasiƙarka ta farko na jera su a kan cinyata. Baban Tilo, ashe rubutunta ba wani abin a zo a gani ba ne! Siriri ne, na yarda, amma layinta gangarawa yake kamar zai faɗo daga takardar. Wani harafin ya kumbura, wani ya tsuke. Irin rubutun da kowace mace mai hanzari ke yi ne a kan kanta. Da farko har dariya na yi, Inna tana tambayata lafiya.

Can sai dariyar ta tsaya. Na gane duk kyan nan da mutane ke yabo, ba nata ba ne, naka ne. Kai ka zauna ka buɗe harafinta ya cika maka allo, ka bi shi lungu-lungu, inda ya karkace ka miƙar, inda ya gaza ka cika mata, inda ba ta damu ba kai ka damu. Har siga uku! Ni yaushe rabon da ka kalle ni haka? Na yi sabon ɗinki sai na tsaya a gabanka na yi tari kafin ka ɗago. Da rubutunta ne ke da kyau da na haƙura, na ce baiwa ce Allah ya ba ta. Amma a ce idon mijina da haƙurinsa ne aka kwashe aka zuba a hannun wata, wannan kam ba zan iya haƙura da shi ba.

Ban ce ka yi wani abu da ita ba. Na san ka, ko sunan turarenta ba ka riƙe ba. Wannan ma wani haushin ne, don da laifi ka yi da na san inda zan kama.

Maganata tana nan inda take. Ka aiko min da ambulan da sunayen baƙi. In kuma kun riga kun ba na'ura, ku faɗa min, zan zo bikin in zauna a cikin baƙi, in karɓi nawa katin da hannun Anti.

Turaren na ba Inna, ta ce yana sa ta atishawa.

Matarka,
Maman Tilo

*

Zuwa ga Maman Tilo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe da Inna.

Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karanta ta a zaune. A kan maganar kallo, gaskiyarki ce. Na nemi abin da zan kare kaina da shi ban samu ba.

Ga ambulan nan a kwali, na sa har da ƙari ko wani zai ɓaci. Ga sunayen baƙi, ga tawadarki da alƙalumanki na cikin aljihun tebur. Ba a buga ko ɗaya ba. Mun yi ta da Tilo, ta yi kuka, ta ce na ɓata mata biki, tun shekaranjiya gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na ce mata kati nata ne, ta zaɓi abin da take so, amma bayan ambulan na uwarta ne, kuma haka za a yi. Ban saba yi mata tsawa ba, ni kaina ban ji daɗi ba.

Na kuma sauke na'urar daga teburinki.

Ki yi a hankali, kada ki takura kanki. In direba ya biyo ƙarshen wata sai ki ba shi, don a samu rabawa da wuri.

Naki,
Baban Tilo

*

Zuwa ga Baban Tilo,

Assalamu alaikum. Inna ta jefar da sanda, yanzu bango take bi. Likita ya ce nan da bikin za ta iya zama a mota.

Ga kwalinku nan na cika. Kafin ka karanta gaba, kai ma ka ɗauki ɗaya ka nisanta shi daga idonka ka kalla.

Yaya ka gani? Mai rubutun allon shago ce ta yi wannan.

Da kwalin ya iso na buɗe, na ɗauki alƙalamina zan fara, sai maganar takalmin makaranta ta faɗo min. Na hango ƙawayen Tilo suna jujjuya ambulan suna taɓe baki, na hango Anti tana murmushi tana cewa ai ba komai, hannun uwa ne. Na ce wallahi ba za a tausaya min a bikin 'yata ba. In siriri ake so, za a ga siriri.

Wasiƙarka ta farko da na ce ba zan ƙara taɓawa ba, ita ta zama malamata. Na manna ta a gilashin taga, na ɗora farar takarda a kai ina bin haruffan da hasken rana. Na aika aka sayo min alƙalami mai bakin allura. Na koma riƙe shi daga can sama, don in na riƙe kusa da baki sai hannuna ya danna. Da farko takarda nake yagawa. Duk lokacin da Inna ta yi barcin rana ni ina bakin taga, har ta fara ce min ko jarrabawa zan zauna. Kafaɗata ta riƙe, yatsuna suka yi tsami, ban fasa ba. Sai da na cika tsohon littafin awon magani da tsofaffin jaridun gidan kaf, sannan na yarda na taɓa ambulan na farko. Har sigogin nan uku naka na gano su, na kuma ƙara na huɗu.

Ka kai wa na'urarka ɗaya ta gani. Ka kai wa maƙwabciya ma, ka ce in ji ni, abin da aka yi wata da watanni ana gyara mata, wata ta yi shi da hannu a kan tiren abinci tana jinya.

Ka ce da Tilo ta share hawayenta, ba abin da uwarta za ta bari a yi mata dariya a kai.

Yau dai zan yi barci da daɗi.

Matarka,
Maman Tilo

*

Ummana ta kaina,

Assalamu alaikum. Umma! Umma! Na rasa ta inda zan fara. Da Abba ya buɗe kwalin ihu na yi har mai gidan burodi ya leƙo. Ki yafe min duk abin da na faɗa, na tuba, na bi Allah na bi ki.

An raba kusan duka. Kowa sai santi yake. Kuma kin san abin daɗin? Ba wanda ya gane! Ƙawata mai maganar takalmi ta ce ai ta san a ƙarshe Abba zai haƙura ya buga a na'ura. Na ce mata Umma ce ta rubuta, ta ce in daina zolaya. Mutanen gidan su ango ma sun aiko tambaya ko za a buga musu nasu haka. Ni har na gaji da bayani, na bar su a kan na'ura ce.

Anti Mai Turare kuwa da na kai mata nata, ta daɗe tana kallo, ta ce oh ni, rubutuna bai taɓa yin kyau irin na yau ba. Ta jingina shi a gaban kwalabenta, duk wanda ya shigo sai ta nuna masa ta ce hannunta ne ya zagaye gari. Ban so in kunyata ta a gaban masu saye ba, sai na bar ta a haka.

Abba ne kawai ban gane masa ba. Ya zauna ya bi ambulan ɗin ɗaya bayan ɗaya, yana juya kowanne yana shafa bayansa da yatsa. Na ce Abba ba su yi kyau ba ne? Ya ce sun yi. Wataƙila kishi yake kin fi na'urarsa.

Ki gaishe da Kaka, ki ce saura ƙiris in ƙwace mijin.

'Yarki mai sonki,
Tilo

*

Zuwa ga Maman Tilo,

Assalamu alaikum. Ina taya ku murnar sauƙin Inna.

Kwali ya iso lafiya, an raba. A matsayina na mai sana'a, ban taɓa ganin aikin hannu irin wannan ba. Kin fi na'urar, kin fi mai rubutun, kin fi ni da na gyara shi.

Amma ni ba shi na yi faɗa da 'yata a kai ba. Na bi kwalin nan kaf ina neman hannunki, ko a ambulan ɗaya, ban samu ba.

Kin san duk aikin da ya fita daga shagon nan ina ajiye guda ɗaya na samfur. Jiya na jawo akwatin na zazzage. Tun daga katin farko da muka buga har ranar da kika tafi, kowane ambulan hannunki ne a kai. Na daɗe a zaune a ƙasa ina kallonsu. Na makara, na sani, amma na kalla. Ba zan iya sa na Tilo a cikinsu da hannun wata ba.

Ga ambulan ɗaya da ya rage. Ki rubuta sunanta da na angonta, da rubutunki na gaske. Wannan ba na rabawa ba ne, nawa ne.

Naki,
Baban Tilo

*

Baban Tilo,

Wa alaikumus salam. Muna tafe ranar Laraba ni da Inna, in Allah ya yarda.

Na gwada. Na ɗauko tsohon alƙalamina, na riƙe shi inda na saba, na gwada a wata takarda kafin in taɓa naka. Yana sauka sai ya kwanta dama, ya sirance, ya ja jela. Na danna da ƙarfi, sai ya fito kamar wata ce ke kwaikwayona. Wasiƙar nan ma ka dube ta, ba sai na faɗa maka ba. Sunan 'yata nake son rubutawa da hannuna, hannun ya ƙi.

Ga ambulan ɗinka na maido babu komai a kai. Kada ka sa shi a akwati, kada ka ba kowa. Ka jira ni.

Matarka